Ƴar Talla Ta Kama Sunan Suruki

"...da gajiyar zama? Don ta tafiya dai ba ka da ita. Na ji kabu-kabu ya kawo ka har bakin zaure awa amarya."

"Lafiya lau, matata ta kaina. Ina ƙafa?"

"Ƙafa tana inda ka bar ta. Zamna nan inda sandata ka iya kai gare ka."

Jibrilla ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma, ya ɗan ja baya kaɗan, don ya san tsawon sandar. Hantsi ne, ƙarshen damina, lokacin da nono ke araha a garin Tawa, ƙasar Adar. Tsohuwa Rahamatu, kakarsa ta wajen uwa, tana zaune ta miƙe ƙafafu a inuwar rumfa, a saman rumfar kuma ga cuku jere a kan ƴan tabarmin ciyawa yana shan rana. Tun ranar da aka yanka ragon sunansa take kiransa miji, shi ma tun da ya iya magana bai taɓa barin bashin baki ya kwana ba.

Abin da ya ja idonsa yau wata ƙwarya ce a kife tsakar gida, an ɗora mata dutsen niƙa.

"Kaza kika kama?"

"Wayar da ka ba ni ta."

"Waya? Mi ta yi?"

"Abin da ko mahaukaciyar kasuwa ba ta yi."

Jibrilla ya san abin da ke cikin wayar nan aikin hannunsa ne. Tun da ya gama karatu a Yamai ya dawo gida, sana'arsa ke nan: yana da ɗan ɗaki kusa da tasha, da ordinatar ɗaya, wato kwamfuta, yana haɗa wa ƴan kasuwa ƴan talla na cikin waya, irin na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta talla ta kuma amsa wa masu saye. Kowa da tasa yake yi masa, kamar yadda tela ke auna mutum kafin ya yanka yadi. Ta mai albasa daban, ta baduku daban. Sannan ya zauna ya zaɓi kalmomin da mutane ke bugawa in suna neman kaya a intanet, ya shirya shafin yadda mai nema zai fara cin karo da shi.

Ta Rahamatu ita ce wadda ya fi ɓata wa lokaci. Shekara arba'in tana kai cuku kasuwar Lahadi da ƙafarta, sai bara gwiwoyi suka ce sun gaji. Cuku ya riƙa taruwa a ɗaki. Latifa, mahaifiyar Jibrilla, ta ce ta bari haka nan ta huta, tsohuwa ta ce ranar da ta daina taɓa nono a kira masu wanka. Shi ya sa ya haɗa mata ƴar talla. Kwana goma sha biyu ke nan da ta fara aiki, kuma tun daga ranar ba a kwana biyu ba a zo ɗaukar saƙo ba. In ta ce a rufe, zai rufe, don bai isa ya yi talla da sunanta ba da yardarta ba. In kuwa aka rufe, cuku ya ƙare.

"Uwarka ta zo nan da sassafe," in ji Rahamatu, "tana dariya har tana dafa bango. Tac ce mutumen gidanku ya kira ta daga Abijan."

"Baba?"

"Ni ban ce kowa ba."

Shekara talatin da Alƙasum ya auri Latifa, Rahamatu ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. In ya yi sallama ta faɗa ɗaki. In ya aiko da gaisuwa ta amsa wa bango.

"Baban da kika shiga rumbu saboda shi?"

"Ƙarya kake, ɗan nema! Hatsi na shiga ɗiba."

"Tun azahar har la'asar? An ce da aka fito da ke kaji suka bi ki suna tsattsaga."

"Wanda ya gaya maka, Allah ya ƙara mishi kunnuwa. Buɗe abin naka ka karanta min. Uwarka dariya ta hana ta faɗi."

Jibrilla ya ciro tasa wayar, inda duk hirar ƴar talla da masu saye ke taruwa. Ya nemo ta daren jiya. Ya fara karantawa daga layin farko.

"Baba ya rubuto: 'Salamu alaikum. Wanda ke riƙe da wayar nan ya gaida min Inna da kyau da kyau. Mu mutanen Adar da ke nan muna son cuku, in da hali.'"

"Ka ji ɗan mutane. To ita mi tac ce?"

"Kaka, ko mu bar shi?"

"Yau ni ce Kaka? Karanta!" Ta toshe kunne ɗaya da yatsa, ta juyo masa da ɗayan.

Ya yi gyaran murya, don ya ga ƴar talla ta ɗauko sunan uban daga jikin lambarsa. "Ta ce: 'Alƙasum! Sai yau ka tuna kana da mata a Tawa? Miji ba cefane, ba goro, sai dogon wuya kamar zalɓe. Faɗi nawa kake so, ragon maza, kafin in ba wanda ya fi ka kyau.'"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Rahamatu ta tafa hannu ta kama haɓa. "Ta kama sunanai! Kuma tac ce ni matatai ta! Mijin ɗiyata! Jibrilla, ka kashe ni da raina. Ɗauko taɓarya ka daka min wayar ga."

"Ko an daka ba ta mutuwa. Ba a cikin wayar take ba."

"Ina take?"

"Can wata ƙasa, cikin wasu manyan na'urori."

"Ashe ma baƙuwa ta! Shi ya sa. Ka ɗauko min ɗiyar da ba ta san gidan kowa ba, ka aza mata faifaina a kai, ka ce ta shiga gari. Ko ɗiyar maƙwabta za ka aika talla ai kana gaya mata gidan da ba a shiga da takalmi."

"Tsaya ki ji abin alherin tukun. Kin san yadda Baba ya same ki? Ban gaya mishi ba. Yana zaune a Abijan ya buga 'cukun Tawa' a wayarsa, ke kika fito ta farko. Ta farko, tsohuwa! Sati uku ina wannan aikin. Na ɗauki hoton cuku ta gaba ta baya, na sa gidan nan a taswira, na bi duk yadda mutane ke biɗar cuku na zuba a shafinki, na shayi, na fura, na tsaraba."

"Ni ɓacewa na yi da za a biɗe ni? Shekara arba'in ina kusa da masu gishiri, makaho ma da hanci yake zuwa."

"Na Abijan hancinsa bai kai ba."

"Da naka ne da ya kai. Hancin da ke riga ka shiga ɗaki."

"Shi kika gani kika nace."

"Ni? Tausayi ne. Na duba duk Adar, daga Kalfu har Takanamat, ba wadda za ta ɗauke ka, na ce bari in yi sadaka." Ta zungure shi da sanda a gwiwa. "Kada ka kauce min. Wa ya koya mata wanga baki?"

"Ke."

"Ni? Yaushe na zamna da ita?"

"Na so ta yi magana kamar ke, don kada mai saye ya ji kamar da takarda yake ciniki. Sai na ɗauki saƙonnin murya da kika riƙa aiko min ina Yamai, na mayar da su rubutu, na ba ta ta koya. Barewa ai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Zalɓen nan naki ne. Ragon maza naki ne, kin faɗa min shi ya fi sau hamsin."

"Kuma ka ga tana zagin mutane ka ƙyale ta?"

Jibrilla ya sosa kai. Gaskiya ya gani tun rana ta biyu. Wata mata a Yamai ta tambayi ko cukun sabo ne, ƴar talla ta ce mata ya fi ta ƙuruciya, matar ta yi dariya ta ninka abin da za ta saya. Sai ya ga kasuwa ta buɗe, ya bar ta. Bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai mutum ɗaya a duniya da bai kamata ya ji wannan bakin ba.

"Na ga suna so," ya ce a hankali.

"Boko ta cinye maka kai. Zagi na da mai shi, yaro. Wanda nike zagi, na goya shi, ya yi min fitsari a baya, na tauna na ba shi. Shi na biya kuɗin zaginai tun yana tsumma. Wancan bawan Allah mi ya yi min? Ɗiya ya ɗauka ya riƙe da mutunci. Abin da ke tsakanina da shi kunya ta, ita kaɗai na mallaka da zan ba shi, ita kuma ɗiyar taka ta zubar a ƙasa."

Wata akuya ta leƙo daga bayan ɗaki tana hangen rumfa, Rahamatu ta ɗaga mata sanda ba tare da ta dube ta ba.

"Saƙonnin muryar tawa nawa ne ma?" ta tambaya.

"Ɗari uku da goma sha ɗaya."

"Duka ka aje?"

"Ko ɗaya ban share ba."

"Don mi? Zagi ne fa."

"Shekarar farko da zazzaɓi ya kwantar da ni, ba wanda na sani a unguwar. Na kunna wanda kika ce in na mutu a Yamai ba za ki yi min takaba ba, don ban bar miki ko akuya ba. Na ji shi ya fi sau ashirin. Da shi na tashi."

Tsohuwa ta dubi rumfa.

"Kai da ka hau mota kana sharar hanci," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "da mi zan riƙe ka? In na ce ina kewarka sai ka baro karatu ka dawo." Ta gyara zama, ta murza gwiwa. "To na ji. Amma magana zarar bunu ce. Rufe ta, Jibrilla. Uwarka ta yi gaskiya, in zamna in huta. Gara a ce Rahamatu ta bar cuku da a ce ta tsufa ta zubar da girma gaban suruki."

Wannan karon ba wasa a muryar. Jibrilla ya jawo jakarsa, ya fito da ordinatar ya ɗora a cinya. Aikin minti ɗaya ne. Ya duba cukun da ke bisa rumfa, fari tas, kowane da zanen ciyawa a jikinsa, ya tuna bara da ya zo ya same ta zaune hannu a cinya, ba ta ko tanka masa da ya ce mata ta yi muni. Kafin ya taɓa komai sai idonsa ya koma kan hirar, ya ga ashe ba a nan ta tsaya ba.

"Akwai saƙon murya a ƙasa. Baba ne ya aiko bayan ta zage shi. Ban ji ba tukun. Mu ji, sannan in rufe."

"Muryatai? A cikin gidan ga?" Rahamatu ta fizgo mayafi ta lulluɓe kai har haɓa, ta ja jiki da ƙyar ta juya wa wayar baya, ta fuskanci bango.

"Kaka, waya ce. Ba ya ganin ki."

"Ni ina ganin kaina. Kunna."

Ya kunna. Da farko hayaniyar mutane ce da ƙarar motoci, sai muryar Alƙasum, yana magana yana danne dariya.

"Jibrilla, na san aikinka ne, don Inna ko da wuƙa a wuya ba ta faɗin haka. Kada ka bari ranta ya ɓaci. Mu tara ne a nan muna shan shayi, duk ƴan gida, na karanta musu. Wallahi har da mai faɗuwa daga kan benci. Ciɗo kuwa, ka san shi, shekararsa goma sha ɗaya rabonsa da Adar, ya yi dariya ya yi dariya, sai muka ga ya tashi ya koma bayan shago. Da ya dawo idonsa ja. Ya ce haka kakarsa ke ce mishi, ragon maza, kuma ta rasu bai je ba. Yanzu duk sun karɓi lambar. Sun ce su ba cukun ne ma ya dame su ba, a dai zage su da bakin gida. Ni kuma ka ce wa Inna ina nan inda ta san ni, ban ji komai ba. Allah ya ƙara mata lafiya, ya bar mana ita."

Saƙon ya ƙare. Mayafin bai motsa ba. Can sai Jibrilla ya ji an ja hanci a ƙarƙashinsa.

"Kuka kike, amarya?"

"Hayaƙi na."

"Ba a hura wuta ba."

"Na maƙwabta na. Ciɗon wa? Na gidan Mumuni mai jakkai?"

"Shi."

"Wanga da ya sace min cuku a faifai yana ɗan shekara bakwai, ya ɓoye a wando ya karye? Shi ke kuka a Abijan?" Ta juyo, ta sassauta mayafin. "Kakatai ƙawata ta. Tare munka yi tallar fura."

Jibrilla ya ɗora yatsa a kan ordinatar. "To in rufe?"

"Kai dai ba ka da haƙuri, shi ya sa gemunka ya ƙi fitowa. Ita ɗiyar taka, tana jin magana in an yi mata faɗa?"

"Duk abin da aka gaya mata shi take bi."

"Ta fi ka ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Rubuta. Wanda duk ya zo saye, ta gaishe shi awa mutum, ta tambayi gida da gajiya. Kada ta fara zagi sai wanda ya fara tsokana, ko ya ce shi jika na."

"Na rubuta."

"Mai furfura, ko malami, ko mai takaba, ta riƙe bakinta."

"Ta yaya za ta ga furfura a waya?"

"Ta tambaya mana! Ba ta da baki? Ai bakin ne ya kawo mu nan. Su kuma waɗancan takwas na Abijan, ta zage su safe da marece, duk jikokina na. Ciɗo a ƙara mishi."

"Na tara fa?"

Ta sake jan mayafin gaba kaɗan. "In ya yi sallama, ta ɗan yi shiru tukun, kada ta amsa da rawar jiki. Sannan ta ce lafiya lau, an gode. Kada ta kama sunanai. Kada ta yi ciniki da shi, nashi ba na sayarwa ba ne, a ɗaure mishi daban."

Jibrilla yana bugawa yana girgiza kai. "Na yi wa mai albasa, na yi wa baduku, ban taɓa haɗa na'ura mai suruki ba. Duk duniya ke kaɗai ke da ita."

"To ka sa a shafin, masu biɗa su gani." Ta miƙo hannu. "Ɗaga ƙwaryar ga ka ba ni waya. Ina ake dannawa a yi magana? Ba ɗiyarka za ta yi wannan ba, ni da kaina."

Ya ɗauke dutsen, ya kakkaɓe wayar, ya nuna mata. Ta riƙe ta nesa da fuska kamar mai riƙe da garwashi.

"Ciɗo, ɓarawon faifai! Kai da sauran ragwayen da ke zaune bakin titi kuna shan shayi ba cuku awa marayu. Ga shi nan tafe. Ku ci ku yi ƙiba, ku zo gida a gan ku, tun masu zagin naku ba su ƙare ba." Ta kawar da kai, ta dubi akuyar da ke bakin ɗaki, ta yi magana da ita. "A gaya wa mai gidan Latifa an ji, an gode."

Ta saki wayar a kan tabarma kamar ta ƙone ta, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke girgiza kafaɗu, har tana share ido da bakin mayafi.

"Na faɗi, ragon maza. Ka ci wannan. Miƙe ka ɗauko ɗaya bisa rumfa, ladan aikinka."

Jibrilla ya miƙe ya kai hannu kan wani babba mai kyau.

"Ba shi ba! Na gefe, wanda ya karye. Kai ma ai ba cikakken miji ba ne."

Ya ɗauki karyayyen ya gutsura, ya rataya jaka. Yana sa takalmi ta kira shi.

"In ka fita ka biya wajen Bafulatana mai kawo min nono. Ka ce mata gobe ƙwarya biyu."